Yayana Sannu-Sannu da Bajimin Ɗana

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. To, ke Auta, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki sa mini kalmomin makaranta. Labarin kawunku zan bayar, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda duk unguwa ke kira Sannu-Sannu. Mutum ne da ba a yi masa godiya a gabansa. Kana buɗe baki zai ce ka miƙo masa buta. Shi ya sa nake so a sa a takarda, jikokina su san ko wane ne tsohon nan da suke tsallake ƙafarsa a bakin ƙofa.

Tun muna yara ya samo sunan nan. Innarmu ta aike shi ɗebo wuta a maƙwabta, ya dawo mata da toka a kasko. Da aka tambaye shi, ya ce ya tsaya kallon akuya tana tuƙa ne. Ya sha duka ranar, amma bai canja ba. Babanmu mai amalanke ne, shanu biyu ke ja masa, yana kai wa magina yashi da bulo. Ya gwada sauran yayyena duk suka kasa, don su bulala suka sani. Yaya kuwa sai ya hau ya zauna kamar mai gyangyaɗi, yana yi wa shanun magana ƙasa-ƙasa, su yi ta tafiya har yamma ba su gaji ba. Babanmu ya ce, to, ashe kowane allazi da nasa amanu.

Haka ya girma a kan amalanke har manyan motoci suka zo suka ƙwace aikin yashi. Daga nan ya samu aiki a wata gonar madara a bayan gari, aka ba shi kula da bajimai. Ya daɗe a can. Ya yi aure, Allah ya ba su 'ya'ya biyu, ya kuma karɓi abinsa tun suna goye. Matar ma ta bi su, Allah ya jiƙanta, mace ce mai kirki. Wani bajimi ya taɓa matse shi da bango, gwiwarsa ta hagu ta goce, aka ɗaura amma ba ta koma daidai ba. Da ƙarfi ya ƙare suka sallame shi. Lokacin babanku ya riga ya rasu, sai na share ɗakin bakin ƙofa na ce ya dawo wurina. Ya zo da tabarma, da sanda, da wata 'yar wuƙar gyaran kofato a naɗe cikin tsumma.

To, babban yayanku kin san sana'arsa tun rasuwar babanku: kiwon shanun yanka. Ya sayo ramammen sa, ya ɗaure a turke, ya yi ta ɗura masa dusa da angurya har ya cika ya batse, mahauta su zo su ɗauka. Kuma wallahi yana da hannu. Ko ƙashi ka ba shi zai mayar maka da nama. Sai dai kasuwar ta yi sanyi, shi ma ya ce ya gaji da renon dabba don wuƙa. Ya duba ya ga gidaje da yawa a unguwarmu suna da saniyar tatsa, ɗaya ko biyu, amma babu bajimin kirki da za a kai musu. Sai ya sayar da duk abin da ke turkensa, ya haɗa ya sayo matashin bajimi mai asali, irin wanda 'ya'yansa ke ba da nono. Ya ce da ni, “Inna, daga yau mun bar kashewa, mun koma haifarwa.” Na sa masa albarka.

Sai ya yi masa kiwon da ya iya. Ya kafa masa rumfar kwano a bayan gida, ya ɗaure shi gajere don kada ya motsa ya zubar da jiki. Angurya safe da yamma, dusa kamar ba a san darajarta ba. Kafin wani lokaci bajimi ya zama abin kallo. Tozo ya kwanta gefe guda, wuya ya yi ninki-ninki, fata tana sheƙi kamar an shafa mai. Mutane har leƙowa suke ta katanga suna masha Allah.

Yaya ya dogara sandarsa ya je ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, “Ɗana, wannan ango kake kiwo ko nama?”

Yayanku ya yi dariya ya ce, “Kawu, ai ango da ƙiba ake ganinsa.”

Yaya ya ce, “Uhm.” Ya koma tabarmarsa. Halinsa ke nan, magana sau ɗaya yake yinta, in ka ɗauka to, in ba ka ɗauka ba ba zai bi ka da ita ba.

Aka fara kawo shanu. Ki yi haƙuri, maganar ta dabbobi ce, kuma babu kunya a sanin halittar Allah. Saniya in ta ɗauka ba ta sake neman namiji. In ba ta ɗauka ba, bayan kamar mako uku sai ta sake tada hankali, tana kuka tana zagaye turke, mai ita ya san aikin bai yi ba. To, duk wadda aka kawo mana sai ta dawo. Wani lokaci ma bajimin ko tashi ba ya yi, ya kalle ta ya ci gaba da tuƙa. In ya daure ya tashi, ƙafafun baya su riƙa rawa, ya sauko yana haki.

Mai niƙa na bakin layi, wanda saniyarsa ce ke ciyar da gidansa rabi da rabi, sau uku yana jawo ta. A na ukun ya tsaya a tsakar gida, gari duk a gemunsa, ya ce, “Kai mai bajimin ado! Ka saya masa madubi mana ya riƙa duba kansa. Ni dai saniyata ta gaji da zuwa gaisuwa.”

Mutane suka kwashe da dariya. Yayanku ya yi murmushin yaƙe, amma na ga jijiyar wuyansa. Daga ranar babu wanda ya sake kawo ko karsana. In ya wuce majalisa sai a riƙa tambayarsa yaya jikin mai gida.

Yana da wani aboki da ke aikin haƙar ma'adinai can nesa, inda ake shiga rami. Duk unguwa an san waɗanda suka tafi can, an kuma san nawa ne ba su dawo ba. Abokin ya zo ganin gida yana ta zuga shi. Rannan bayan la'asar yayanku ya durƙusa gabana ya ce, “Inna, zan ba mahauci shi tun yana da nama, in bi abokina. Ba zan zauna ana yi mini dariya a gaban 'ya'yana ba.” Matarsa tana bakin murhu da tsohon ciki, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zaninta. Na shiga ɗaki na shimfiɗa sallaya na ce, ya Allah, ka ɗauke mini miji na yi haƙuri, kada ka jarrabe ni da ramin nan.

Washegari mahauci ya zo. Yana ta mammatsa cinyar bajimin yana lashe baki. Na fito zan zubar da ruwa, Yaya ya kira ni daga tabarmarsa.

“Ke 'yar nan.” Har yau haka yake ce mini, da furfurata. “Kina so ya tafi?”

Na ce, “Yaya, wace irin tambaya ce wannan?”

Ya ce, “To kama ni in tashi.”

Ya ja ƙafa har bayan gida, ya ce da mahauci, “Ɗauke hannunka daga jikin surukin mutane.” Sannan ya juya ga yayanku. “Ka ba ni shi zuwa faɗuwar ruwa. In bai yi ba, ni da kaina zan riƙe wa mahauci ƙafa.”

“Kawu, me za ka yi masa da ban yi ba?”

“Yawo za mu riƙa zuwa.”

“Da wannan ƙafar?”

“Ni uku, shi huɗu. Bakwai ba ta isa ba?”

Mahauci ya yi tsaki ya ce in nama ya zube kada a neme shi. Yayanku ya kalle ni, ya ga idona, ya ce shi ke nan, zuwa faɗuwar ruwa, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Abu na farko da Yaya ya yi, ya sa aka kira likitar dabbobi. Ya ce shi ido gare shi, likita kuma tana da madubin ganin ƙananan abubuwa, kuma ido ba ya ganin irin namiji. Mace ce mai fara'a, ta zo da takalmin roba da 'yar jakarta. Ta dudduba, ta auna, ta ɗauki abin da za ta ɗauka ta tafi da shi. Da ta dawo ta ce bajimin ba juya ba ne, lafiyarsa lau, ƙoshi ne ya yi masa yawa. Ta ce wurin da irin namiji ke zama Allah ya rataye shi a waje ne don yana son sanyi. To kitse ya taru ya lulluɓe wurin, ga zafin kwano daga sama, iri ya yi laushi. Ta ƙara da cewa angurya in ta yi yawa akwai abin da ke cikinta mai raunana irin namiji.

Yaya ya riƙe baki ya ce, “Kin ga wannan ban sani ba. Ni kitse na gani, da kofato. Allah ya ƙara ilimi, 'yata.”

Ta ce, “Baba, sai dai fa haƙuri. Irin da jikinsa zai fara haɗawa yau, sai bayan wata biyu zai nuna. Kafin nan ko an kawo saniya wahalar banza ce.”

Ya ce, “In dai jira ne, kin zo gidansa.”

Aka kwance bajimi daga rumfar kwano aka mayar da shi gindin bishiyar mangwaron nan, da doguwar igiya. Yaya ya sa aka kayar da shi, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya fito da 'yar wuƙarsa. Ashe kofatan baya sun yi tsawo sun lanƙwashe saboda tsayuwa wuri ɗaya cikin danshi, shi ya sa ba ya iya ɗora nauyinsa a kansu. Ya yi ta fereye su kaɗan-kaɗan kamar mai gyaran farcen jariri. Abinci kuma bai yanke masa a rana ɗaya ba. Ya ce yunwa ma tana kashe iri kamar yadda ƙoshi ke yi. Ya riƙa janye angurya a hankali har ta ƙare, ya mayar da shi kan ciyawa da harawa, dusa ɗan cikin kwano, ga dutsen gishiri na lasa da likita ta kawo, ga ruwa a gabansa kullum.

Sai yawo. Ana sallame sallar asuba zai kama igiya. Ranar farko ba su wuce wurin masu buga bulo ba, bajimi ya durƙushe a tsakiyar hanya ya ce shi ya gama. Yaya ya nemi bulo ɗaya ya zauna kusa da shi. Masu bulo suna dariya suna cewa, “Baba, wa ke jan wani?” Ya ce, “Shawara muke yi.” Sai da hantsi ya dubi ludayi suka dawo. A hankali suka riƙa kaiwa katangar makaranta, daga baya filin ƙwallo, har suka fara hawa gangaren gada, don ya ce hawa ne ke gina ƙafar baya.

Ana cikin haka, wata safiya Yaya ya tsaya a kan kashin bajimin yana tona shi da sanda. Ya ɗaga murya, abin da ba ya yi. “Wa ya ba shi angurya?”

Na ce ni dai ba ni ba ce. Surukata ta ce ko kusa da shi ba ta zuwa.

Ya ce, “Mutum na ƙarya, kashi ba ya yi.”

Yayanku ya sosa ƙeya ya ce, “Kawu, kukansa ne ba na iya ji. Yana ganina sai ya riƙa kallon buhun.”

“Kai ma da kana yaro kuka kake a ba ka wuƙa ka yi wasa. Uwarka ta ba ka?”

Ya sa aka kinkimi buhun aka kai ɗakinsa, ya mayar da shi matashin kai.

Amma abin bai tsaya a wasa ba. Bajimi ya fara zubewa, ninkin wuya ya tafi, sheƙin nan ya ragu. Masu leƙe suka koma cewa tsoho zai kashe wa yaro dukiya. Yayanku ya shiga damuwa, don yanzu ko mahauci ba zai saya da daraja ba. Yaya ya kama hannunsa ya ɗora a haƙarƙarin dabbar ya ce, “Danna. Ka ji ƙashi?” Ya ce ya ji. “Ja baya ka duba. Kana ganinsa?” Ya ce a'a. “To nan ake so. Hannu ya ji, ido kada ya gani.”

Rana mafi wuya ita ce da abokin nan ya zo sallama, ya ce mota za ta tashi kuma ya kama masa wuri. A ranar kuma aka ji saniyar wani maƙwabci tana nema. Yayanku ya ce a gwada yanzu, ya san matsayinsa. Yaya ya ce lokaci bai yi ba, in aka gwada ta dawo, sunan bajimin ya mutu har abada. Suka yi ta ja. Har yayanku ya faɗi maganar da ba ta dace ba, ya ce wanda bai da iyalin ciyarwa ba zai san zafin jira ba. Innalillahi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya zauna a kan turken, ya naɗe igiyar a hannunsa, ya kafa ido a ƙasa. Yayanku ya fita fuu. Na bi shi da ido har kwanar layi ina salati, ban san ko mota ya nufa ba. Sai gab da magariba ya shigo, idonsa ja wur. Ya je ya durƙusa a gaban kawunsa. Yaya ya ce, “Tashi ka ɗebo masa ruwa, tun ɗazu kwaminsa ya bushe.”

Duk wannan lokaci gwiwar Yaya tana kumbura. In sun dawo sai na dafa ruwa in gasa masa da tsumma. Ta yi suntum, har zafi take hucowa. Na ce, “Yaya, ka bar wa yaron nan igiyar mana.” Ya ce yaron sauri gare shi, zai ja dabba ta yi zufa, kuma zafin ne ake gudu. Na ce, “To kai fa? Kashe kanka za ka yi?” Ya ce, “In ya tafi rami wa zai ɗauki makarata, ke?” Na ce Allah ya shirye ka, ina dariya ina share ido.

Hadari ya fara haɗuwa ke nan likita ta dawo ta sake dubawa. Ta fito da murmushi ta ce yanzu kam a gwada. Amma wa zai kawo? Yaya ya dogara sanda har wurin mai niƙa, ya tsaya cikin ƙarar inji.

Mai niƙa ya kashe injin ya ce, “Baba, in gaisuwa ce mun gaisa sau uku.”

Yaya ya ce, “Wannan karon ni na gayyace ta. In ta dawo, ka zo ka zage ni a gaban jama'a, na yafe maka tun yanzu.”

“Zagin tsoho ai ba riba. Amma don furfurarka zan kawo.”

Da ta nema ya kawo ta da sanyin safiya. Tun daga bakin layi bajimin ya ji ƙanshinta, ya yi wani ruri da ban taɓa jin ya yi ba, yana tonon ƙasa da ƙafa. Ni dai na ja surukata muka shige ɗaki. Muna ciki muka ji mai niƙa yana cewa, “Kai! Ashe malam ya iya!”

Sai jira kuma. Ruwa ya sauka, wa'adin da yayanku ya ba kawunsa ya cika, amma bai ce komai ba, mu ma ba mu tuna masa ba. Kullum kunnenmu yana bakin layi, ko za mu ji kukan saniyar. Surukata ta sauka a cikin kwanakin nan, aka samu mace, amma ko a ranar yayanku yana karɓar barka yana waiwayen ƙofa. Mako uku suka wuce, na huɗu ya shiga. Rannan da hantsi sai ga mai niƙa ya yi sallama, shi kaɗai, ba igiya a hannunsa. Yayanku ya miƙe tsaye.

Mai niƙa ya ce, “Ina tsohon nan? Na zo ƙara ne. Saniyata ta yi shiru, sai ci kamar gara. Wa zai biya ni ciyawa?”

Na ce alhamdulillahi har sau nawa ban sani ba. Bayan tasa aka kawo wasu. Ba duka suka ɗauka a karon farko ba, akwai wadda ta dawo, likita ta ce matsalar daga wajenta ne. Yaya kuma ya kafa doka, ba a tara masa shanu a rana ɗaya, kuma ba a kawowa da tsakar rana. Abokin nan ya yi waya daga can yana cewa har yanzu akwai wuri. Ina zaune ina jin yayanku ya ce masa, “Ka ba wani. Ni ina da aiki a gida.”

Gwiwar Yaya ba ta sake komawa ba. Mun kai shi asibiti, suka ce ƙashin ya riga ya cinye, sai dai lallaɓawa. Yanzu iyakarsa bakin ƙofa, masallaci ma sai an riƙe shi. Wannan yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Yayanku ne ke fita da bajimin da asuba, ya biyo da shi ta gaban tabarma, Yaya ya miƙa hannu ya shafa haƙarƙari, ya duba kofato, ya ce ya cika sauri ko ya cika dusa. Shi kuma ya ce, “To, Kawu.”

Ya Allah, ɗana yana kwana a gidansa, 'ya'yansa suna ganin ubansu safe da yamma. Ka san ta hannun wanda ka yi mini wannan. Ka sauƙaƙa masa ciwon nan, ka haɗa shi da matarsa da 'ya'yansa a gidan da ba a ɗingishi. Ki rubuta amin, sannan ki tashi ki duba ruwan gashin gwiwar nan, kada ya huce.